Ƙarfe a Ƙarƙashin Daɗaɗɗen Nauyi: Yadda Injiniyoyi Suka Gano Abin da Ke Karya Shi

Ƙarfen da ake gina gada da jirgin ruwa da tukunyar tururi da shi baƙin ƙarfe ne da aka tace, aka bar masa ɗan kabon wanda galibi bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Masu aiki da shi suna auna masa halaye biyu da mai kallo daga nesa kan ɗauka ɗaya ne. Akwai ƙarfi, wato yawan nauyin da lafiyayyar sanda za ta ɗauka kafin ta miƙe ko ta tsinke. Akwai kuma juriyar tsaga, wato yadda ƙarfen da ya riga ya sami 'yar tsaga yake hana ta gudu. Halayen nan ba su cika shan inuwa ɗaya ba: yawancin dabarun da ke ƙara wa ƙarfe ƙarfi da tauri suna rage masa juriya, su bar shi da gautsi. Tun zamanin jiragen ƙasa na farko injiniyoyi ke tambayar ko nauyin da ya daɗe a kan ƙarfe yana cin wannan juriya, tun da ana ganin abin da ya shekara talatin yana aiki lafiya ya karye rana tsaka ba a ƙara masa ko kilo ɗaya ba. An ɗauki shekaru sama da ɗari kafin a sami amsa mai gamsarwa, kuma akasarinta daga ɓaraguzan haɗurra aka tsinto ta.

Ranar 8 ga Mayu 1842 wani jirgin ƙasa ya taso daga Versailles zuwa Paris cike da masu dawowa daga kallon biki. Kusa da Meudon sai aksul ɗin kan jirgin da ke gaba ya karye, taragai suka hau kan juna, wuta ta kama. Da yake al'adar lokacin ita ce a kulle fasinjoji cikin tarago, mutane fiye da 50 suka rasa rayukansu. Masu duba irin waɗannan karyayyun aksul sukan tarar bakin karayar yana ƙyalli, tsaki-tsaki, ba irin zare-zaren da aka saba gani a dakakken ƙarfe ba. Daga nan aka gina ra'ayin cewa ƙarfe yana sauya ciki idan ya daɗe yana shan nauyi da girgiza, zarensa ya rikiɗe ya zama ƙwayoyi masu gautsi. Maganar ta shiga kunne domin ta dace da abin da ido ke gani. Amma tun 1843 wani matashin injiniya ɗan Sikotlan, W. J. M. Rankine, ya nuna cewa karayar tana farawa ne daga kusurwa mai kaifi inda aka rage kaurin aksul, ta riƙa cin ciki sannu a hankali har abin da ya rage ya kasa. Bayan kamar shekara ashirin Henry Clifton Sorby ya goge ƙarfe a Sheffield, ya duba shi da madubin ƙara girman abu, ya ga kowane ƙarfe ƙwayoyi ne tun ranar da aka ƙera shi. Duk da haka zancen rikiɗewar ƙarfe ya ci gaba da yawo a bakin makanikai har cikin ƙarni na 20.

August Wöhler, injiniyan jiragen ƙasa na Prusiya, ya shafe shekarun 1850 da 1860 yana juya sanduna a injin gwaji har su karye. Ya tabbatar da cewa nauyi mai zuwa yana komawa yana karya ƙarfe ko da ya yi ƙasa sosai da abin da zai tsinka shi a tashi ɗaya. Wannan ita ce gajiyar ƙarfe, kuma ta bayyana matsalar aksul. Ba ta ce komai ba game da nauyin da ke zaune wuri guda, irin na igiyar gada ko ƙusar da aka ɗaure aka bari. Wanda ya fara duba wannan shi ne Louis Vicat, Bafaranshen da aka fi sani da aikin siminti. A 1834 ya ba da rahoton wayoyin ƙarfe irin na gadoji masu lilo da ya rataya wa nauyi daban-daban, ya bi su da awo wata da watanni. Waɗanda ya lafta wa kaya sun ci gaba da miƙewa kaɗan-kaɗan, wadda ya ɗora wa kaya mara yawa kuwa ta tsaya yadda take.

Wata alama ta daban ta fito daga masana'antar waya a Manchester. Kafin a ja waya ana tsoma ta cikin asid don a wanke mata tsatsa. A 1875 William H. Johnson ya bayyana wa ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society cewa wayar da ta ɗan jima cikin asid tana karyewa da lanƙwasa kaɗan, alhali kafin a tsoma ta sai an yi ta lanƙwasa ta kafin ta rabu. Ya lura idan aka jiƙa bakin karayar sai ya yi kumfa, iska na fitowa daga cikin ƙarfen. Idan kuma aka ajiye wayar ta kwana biyu, ko aka ɗumama ta, lafiyarta takan dawo. Ya ce iskar haidurojin ce ta shige ƙarfen, kuma ya yi daidai. Sai dai an yi kusan shekara 80 kafin abin da ya gani ya hana injiniyoyi barci, domin ƙarafan zamaninsa masu laushi ne, haidurojin bai cika yi musu mummunar illa ba.

Ma'aunin gautsi na farko da ya karɓu shi ne wanda Georges Charpy ya gabatar a Faransa a 1901. A yadda ake yin gwajin yanzu, ana yanko 'yar sanda mai tsawon milimita 55, kauri da faɗi milimita 10, a yi mata kurɓi mai zurfin milimita 2 a tsakiya, a kwantar da ita a kan madogara biyu, a saki guduma mai lilo ta buge ta daga baya. Iya tsayin da gudumar ta kai bayan ta wuce shi ke nuna ƙarfin da karayar ta sha. Ƙarfe mai juriya yakan tare gudumar, ya lanƙwashe, bakin karayar ya fito a yage, ba ƙyalli. Mai gautsi kuwa sai ya ɓalle ƙas, gudumar ta wuce abinta. Da aka riƙa maimaita gwajin a zafi da sanyi daban-daban sai aka ga ƙarfe guda yana iya nuna halin biyu: ya jure a ɗumi, ya yi gautsi a sanyi, kuma tsakanin biyun 'yan digirori ne kawai.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sa kowa ya ɗauki wannan da muhimmanci. Tsakanin 1941 da 1945 Amurka ta gina jiragen dakon kaya 2,710 samfurin Liberty, da ɗaruruwan jiragen dakon mai samfurin T2, kuma don sauri aka haɗa farantansu da walda maimakon ƙusoshin da ake dakawa da zafi. Ranar 16 ga Janairu 1943 jirgin dakon mai Schenectady, sabo ful, ya gama gwajin teku yana ɗaure a tashar Portland ta jihar Oregon, ruwa kwance lumui, ana sanyi. Sai ya dare gida biyu da wata irin ƙara da aka ji daga nesa. Wasu jiragen suka tsage a tekun Atlantika cikin hunturu. Da farko an ɗora laifin a kan masu walda, waɗanda da yawansu sababbin hannu ne. Constance Tipper ta Jami'ar Cambridge ta nuna cewa matsalar tana cikin farantin kansa: ƙarfen yana komawa mai gautsi a sanyin da jiragen ke shiga kullum. Tsaga takan fara daga aibun walda ko kusurwar bakin rumbun kaya, kuma da yake walda ta mai da jikin jirgin abu guda, babu inda za ta tsaya, alhali a jirgin ƙusa takan mutu a bakin faranti. Aka zagaye kusurwoyin, aka ɗaura ɗamarar faranti da ƙusa don tare tsaga, kuma daga awon farantan da suka karye aka fitar da ƙa'idar cewa ƙarfen jirgi ya sha aƙalla kimanin juul 20 a gwajin Charpy. Schenectady ya kuma wanke shekaru daga zargi guda: jirgin da bai taɓa ɗaukar kaya ba ya karye, don haka ba sai ƙarfe ya tsufa yake gautsi ba.

Lissafin da ya haɗa waɗannan abubuwa ya samo asali ne daga gilashi. A 1921 A. A. Griffith, wanda ke aiki a cibiyar binciken jiragen sama ta Farnborough a Ingila, ya nuna cewa ƙananan tsagogin da ido ba ya gani su ke sa gilashi karyewa da wuri, kuma tsawon tsaga shi ke yanke nauyin da abu zai ɗauka. Mai sayar da yadi a Kantin Kwari ya san wannan da hannunsa: ba zai iya yaga atamfa daga lafiyayyen baki ba, amma da ya ɗan tsaga ta da almakashi sai ya ja ta tafi sar har ƙarshe. George Irwin na ɗakin binciken sojan ruwan Amurka ya faɗaɗa lissafin zuwa ƙarfe, a 1957 ya fitar da adadi guda, wanda ake rubutawa da harafin K, mai nuna tsananin jan da ke taruwa a bakin tsaga. Adadin yana ƙaruwa da nauyi, yana ƙaruwa da tsawon tsaga, kuma kowane ƙarfe yana da iyakar da idan K ya kai ta tsagar za ta ruga. Wannan iyaka ita ce juriyar tsaga a harshen lissafi. Idan tsaga ta ninka tsawonta sau huɗu, nauyin da ƙarfen zai ɗauka ya ragu da rabi. Idan juriya ta ragu da rabi, tsagar da zai iya zama da ita ta koma kashi ɗaya bisa huɗu.

Daga nan ne aka iya yin tsohuwar tambayar yadda za ta amsu. Abubuwa uku ke yanke hukuncin karaya, nauyi da tsawon tsaga da juriya. In dai nauyi bai sauya ba, to ko dai lokaci yana ƙara tsagar, ko yana rage juriyar, ko kuwa ba ya yin komai.

A mafi yawan gine-gine ba ya yin komai, kuma wannan ita ce amsar da ba a cika faɗa ba don ba ta da labari. Ƙarfen gini na yau da kullum, a zafin sarari, an kāre shi daga tsatsa, yana ɗauke da nauyin da bai kai inda zai miƙe ba, juriyarsa ba ta raguwa don shekaru sun wuce. Wayoyin gadar Brooklyn suna riƙe da ita tun 1883, gadar Forth ta Sikotlan mai ƙarfe sama da tan 50,000 tana ɗaukar jiragen ƙasa tun 1890. Idan aka yanko tsohon ƙarfe aka tarar yana da gautsi, galibi haka aka haife shi, da yawan farar wuta da fosfaras da naitirojin irin na narkar zamaninsa. Togaciya ɗaya ita ce wurin da aka taɓa lanƙwasa ƙarfe a sanyi ko aka huda shi da bugu. A nan ƙwayoyin zarra na kabon da naitirojin sukan yi ta rarrafe cikin watanni da shekaru su taru a inda ƙarfen ya gurɗe, su ɗaure shi, wurin ya ƙara tauri ya rage juriya. A. H. Cottrell da B. A. Bilby ne suka bayyana yadda hakan ke faruwa a 1949. Shi ya sa ƙa'idojin gini suka fi son a huda rami da abin huji mai juyawa, ko a goge gefen ramin da aka buga.

Babban haɗarin yana inda tsaga ke girma a ɓoye. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masu ƙera jiragen sama sun koma ga ƙarafa masu matuƙar ƙarfi don rage nauyin ƙafafun sauka, suna shafa musu kadmiyam da lantarki don hana tsatsa. Sai aka fara samun ƙafafu da ƙusoshi suna karyewa jirgi na tsaye a filinsa. A shekarun 1950 Alexander Troiano da ɗalibansa a Cleveland suka ɗura wa sanduna masu kurɓi haidurojin, suka rataya musu nauyi, suka sa agogo. Sandar takan yi shiru na wani lokaci, mintuna ko awoyi, sannan tsaga ta fara, ta ci gaba taki-taki, ta tsinke. Ƙasa da wani nauyi kuma ba ta karyewa ko nawa aka jira. Dalili shi ne ƙwayar haidurojin ta fi kowace ƙanƙanta, tana yawo tsakanin ƙwayoyin ƙarfe, kuma tana son wurin da aka fi buɗe su da ja, wato gaban bakin tsaga. Nauyin da ke zaune shi ke kiran ta can. Idan ta taru ta ishe, wurin ya yi rauni, tsagar ta ɗan matsa, ta tsaya tana jiran wata ta sake taruwa. Matsalar tana tsananta ne a ƙarafan da ƙarfinsu ya haura kimanin megafaskal 1,000.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne gudumar Charpy ba ta cika kama wannan cuta ba. Bugu ɗaya yana ƙarewa cikin ƙiftawar ido, haidurojin bai sami zarafin motsawa ba, sai ƙarfe mai cutar ya ci jarrabawa. Dole aka ƙirƙiro gwajin da haƙuri ne makaminsa. Ƙa'idar da ake bi a masana'antar jiragen sama ita ce a ja sanda mai kurɓi zuwa kashi 75 cikin 100 na abin da zai tsinka ta, a bar ta awa 200. Maganin kuwa shi ne wanda Johnson ya gani tun 1875: da an gama shafa wa ƙarfe kadmiyam ko tutiya da lantarki, a sa shi a tanda a kimanin digiri 190 na awoyi da dama, wani lokaci kusan kwana guda, don iskar ta fita.

Ba sai daga masana'anta haidurojin ke shiga ba. Tsatsa ma tana samar da shi, a daidai bakin tsagar. A tsakiyar shekarun 1960 B. F. Brown, shi ma a ɗakin binciken sojan ruwan Amurka, ya haɗa wani gwaji mai sauƙin kaya: sanda mai 'yar tsaga, an danne gefe ɗaya, an sa wa ɗaya gefen dogon hannu mai ɗauke da nauyi, an kewaye tsagar da ƙoƙon roba cike da ruwan gishiri. Ya gano kowane ƙarfe yana da iyaka ta biyu, ƙasa da ta Irwin, wadda daga ita tsaga ke fara tafiya a hankali cikin danshi. A wasu ƙarafa masu matuƙar ƙarfi wannan iyaka ba ta kai kashi ɗaya bisa uku na juriyar da aka auna a busasshen ɗaki ba. Wato juriyar ƙarfen tana nan yadda take, amma wanda ya dogara da ita wajen lissafin abin da zai daɗe a waje ya ruɗi kansa.

Ba a daɗe ba aka ga hakan a fili. Gadar da ake kira Silver Bridge, saboda fentin alminiyam da aka yi mata, ta haɗa Point Pleasant ta jihar West Virginia da jihar Ohio a kan kogin Ohio, an buɗe ta a 1928. Gada ce mai lilo, tsakiyarta mita 213, amma maimakon igiyar waya mai dubban silalla an rataye ta da sarƙa ta dogayen sandunan ƙarfe, kowace mai faɗin santimita 30 da kaurin santimita 5, da ido a kowane ƙarshe inda ake zura ƙatuwar ƙusa a haɗa ta da na gaba. Tsofaffin gadojin sarƙa sukan jera sanduna da yawa a kowace gaɓa, in ɗaya ta karye saura su riƙe. A nan an yi amfani da sabon ƙarfe mai yawan kabon da aka ƙara wa ƙarfi da wuta, sai aka ga sanda biyu kacal sun isa. Hasumiyoyin gadar kuma ba a kafe suke ba, suna iya ɗan rangaji a gindinsu, sarƙar ce ke riƙe da su.

Ranar Juma'a 15 ga Disamba 1967, wajen ƙarfe biyar na yamma, gadar cike da motocin masu tashi daga aiki da masu sayayyar Kirsimeti, ana sanyin da ya kusa daskarar da ruwa, sai sanda mai lamba 330 da ke kusa da saman hasumiyar ɓangaren Ohio ta ɓalle a idonta. Abokiyarta ta zame daga ƙusar, sarƙa ta rabu, hasumiyoyi suka kife, cikin kamar minti ɗaya gadar ta zube a kogi. Mutane 46 suka mutu. An tsamo ɓaraguzan aka shimfiɗa su a fili aka jera su gaɓa-gaɓa. A cikin idon sanda ta 330, a fuskar da ke manne da ƙusa, aka sami tsohuwar tsaga mai tsatsa da zurfinta bai wuce milimita biyu da rabi ba. Daga bakinta karayar ta ruga ta ratsa gefen idon gaba ɗaya, sumul, irin ta gautsi. Ɗaya gefen kuwa yagewa ya yi bayan ya lanƙwashe. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta yanke cewa tsagar ta girma ne cikin shekara 39 ta hanyar haɗuwar tsatsa da jan da ke zaune a wurin, tare da gajiyar da zirga-zirgar motoci ke ƙarawa. Ruwa yana shiga 'yar kafar da ke tsakanin ido da ƙusa ya kwanta, kuma ba mai iya ganin wurin sai an kwance gadar. Hukumar ta ce babu hanyar dubawa da aka sani a lokacin da za ta iya gano tsagar. Ƙarfen yana da ƙarfin da aka yi alkawari. Abin da ba a auna ba a 1928, don ba a san shi ba, shi ne ƙanƙantar tsagar da ta isa ta karya shi a ranar sanyi.

An rufe wata gada mai irin ginin Silver Bridge da ke St. Marys a kan kogin, aka rushe ta a 1971. A shekarar ce kuma Amurka ta kafa ƙa'idojin duba gadoji na ƙasa baki ɗaya, waɗanda suka wajabta dubawa aƙalla sau ɗaya a shekara biyu. Daga baya aka sa gwajin Charpy cikin sharuɗɗan ƙarfen gada, aka kuma ware gaɓoɓin da karyewar ɗayansu kaɗai za ta kayar da gada don a ba su kulawa ta musamman.

Inda nauyi da lokaci ke cin juriyar kanta kai tsaye shi ne cikin zafi. Miƙewar sannu da Vicat ya gani, wadda E. N. da C. Andrade ya tsara lissafinta a 1910, ba ta da wani tasiri a ƙarfen gini a zafin sarari, amma daga kimanin digiri 400 zuwa sama takan zama babbar magana. Bututun tururi na tashar lantarki yana aiki a kusan digiri 540, dare da rana, da matsi a cikinsa. Cikin shekaru ƙananan ramuka sukan ɓullo a iyakokin ƙwayoyin ƙarfen, su yawaita, su jeru, su haɗe su zama tsaga. Saboda haka ake lissafin irin waɗannan kayayyaki da awoyi, galibi awa 100,000 ko fiye. Ranar 9 ga Yuni 1985 wani babban bututun tururi ya tsage a kan layin waldarsa a tashar Mohave da ke jihar Nevada, bayan kimanin shekara 14 yana aiki, mutum shida suka mutu. Masu duba tashoshi a yau sukan goge ɗan wuri a jikin bututu har ya yi sheƙi, su ɗiga masa asid mai rauni, su manna siririyar leda ta ɗauki hoton ƙwayoyin, su kai ta ƙarƙashin madubi su ga ko ramukan a warwatse suke ko sun fara jeruwa.

Zafi kaɗai ma yana da tasa ɓarnar. Idan wasu ƙarafa masu gaurayen kuromiyam da nikel suka daɗe tsakanin kimanin digiri 375 da 575, ragowar fosfaras da kuza da makamantansu sukan tattaru a iyakokin ƙwayoyi su raunana su. Masu ƙera manyan bindigogi sun san wannan tun Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ranar 19 ga Satumba 1969 faifan injin tururi ya tarwatse a tashar Hinkley Point A ta Ingila lokacin gwajin gudu. Bincike ya nuna cututtukan biyu sun haɗu: faifan ya yi gautsi tun wajen ƙira saboda an bar shi ya huce a hankali cikin wancan zango na zafi, sannan danshin tururi da ja sun haifar da 'yar tsaga a ramin makullin da ke riƙe shi a jikin sandarsa. A matatun mai, inda manyan tukwane ke shekara da shekaru cikin irin wannan zafi, ƙa'ida ce ba a cika wa tsohuwar tukunya matsi sai an fara ɗumama ta, domin a sanyi ne gautsin ke bayyana. Tukwanen tashoshin nukiliya suna da ƙarin matsala, ruwan niyutiron da ke dukan bangonsu yana taurara shi, musamman inda walda ke da ɗan jan ƙarfe. Don haka ake rataye ƙananan sandunan Charpy na ƙarfen tukunyar a cikinta tun ranar farko, a riƙa ciro su lokaci-lokaci ana karyawa.

Ba kowane nauyi ne abokin gaba ba. Idan aka ja ƙarfe mai tsaga yana da ɗumi, bakin tsagar yakan dakushe, kuma idan aka sassauta sai ƙarfen da ke kewaye ya matse ta, har ya iya ɗaukar abin da da ya karya shi a sanyi. Wannan na cikin amfanin gwajin da ake yi wa sabuwar tukunya ko bututu, inda ake cika shi da ruwa a matsa fiye da yadda zai yi aiki.

Sanin duk wannan bai sa an daina faɗawa ramin ba. A sabon ɓangaren gabas na gadar da ta haɗa San Francisco da Oakland an dasa sandunan ƙarfe 96 masu zaren noti, kowace mai kaurin kimanin santimita 7.5, don riƙe na'urorin kāre gadar daga girgizar ƙasa. An ƙera su a 2008 da ƙarfe mai matuƙar ƙarfi, aka shafa musu tutiya, aka binne su cikin kankare, suka zauna kusan shekara biyar ba a ɗaure su ba, ruwa na taruwa a gindinsu. A watan Maris 2013 aka ɗaure su zuwa kimanin kashi 70 cikin 100 na ƙarfinsu. Cikin mako biyu 32 suka karye, duk a ƙasa kusa da zaren noti. Masu bincike sun danganta karayar da haidurojin da kuma ƙarancin juriyar ƙarfen, wanda fatarsa ta yi tauri fiye da kima. Da yake ba a iya ciro sandunan daga cikin kankare ba, sai aka kewaye wurin da sirdin ƙarfe da igiyoyin waya suka karɓi aikinsu, aikin da aka kammala bayan an buɗe gadar a watan Satumba na shekarar. Sauran sandunan gadar sama da dubu biyu kuwa aka ɗebi samfurinsu aka tsoma cikin ruwan gishiri, ana ƙara musu ja mataki-mataki, ana jira kwanaki a kowane mataki, don a gano nauyin da tsaga ke fara tafiya a cikinsu.